Kafin A Sayo Na'urar Numfashi

Jaririn da aka haifa bakwaini yakan zo duniya huhunsa bai ƙosa ba. 'Yan jakunkunan iskar da ke ciki sai su riƙa mannewa, kowane numfashi ya zama jan aiki. Idan abin ya ci tura, a manyan asibitoci akan jona shi da wata na'ura mai kaɗa iska cikin huhu sau 600 zuwa 900 a minti guda, alhali lafiyayyen jariri sau 40 zuwa 60 yake numfashi. Ƙirjin yaron karkarwa kawai za ka ga yana yi.

To, na'urar nan ba ta saita kanta. Akwai matsin iska na dindindin da ke riƙe huhu a buɗe don oksijin ya shiga jini. In ya yi yawa sai ya tare jinin da ke komawa zuciya, ko ya fasa huhun. Ƙarfin kaɗawar kuwa shi ke fitar da iskar kabon dayoksaid. Abin mamaki, rage saurin na'urar ne ke ƙara fitar da ita, domin kowane bugu yana samun sararin tura iska mai yawa. In kuma aka fitar da ita fiye da kima, ƙwaƙwalwar jaririn na iya taɓuwa. Saboda haka dole a riƙa auna jini a kai a kai, dare da rana.

Ko inda ƙwararru suke ba kullum take nasara ba. A 2013 aka bayyana wani gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta a kan manya, wanda aka dakatar domin mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka sa wa ita.

Lokacin annobar korona a 2020 an yi ta ƙidayar na'urorin numfashi, ba a cika ƙidayar masu sarrafa su ba. A ganina, jaririn da aka haifa a Kanya Babba, wanda sai an kai shi Babura ko Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, abin da ya fi bukata kusa da gida shi ne oksijin, da lantarki marar yankewa, da 'yar na'urar nan mai hura iska ta hanci wadda zurfin ruwa a kwalba ke daidaita matsinta. Sai kuma ma'aikaciyar jinya da ta san ma'anar matsi, darasin da ɗalibanmu ke karantawa tun a ajin fizis na sakandare.