Motar Fari: Abin da Ya Wajaba Iyaye Su Auna Kafin Su Miƙa Mabuɗi

A yawancin jihohin Amurka, inda garuruwa suka yi nesa da juna kuma motocin haya ba su wadata ba in an fita daga manyan birane, yaro yakan sami lasisin tuƙi tun yana ɗan shekara 16, don haka ranar da ya mallaki motarsa ta fari takan zama masa ranar fita daga ƙuruciya. Akwai kuwa wata muhawara da ba ta ƙarewa a gidajen ƙasar, wato saurayi ya tasa iyayensa gaba da roƙo da hujjoji, yana neman su yarje masa motarsa ta fari ta kasance ɗaya daga cikin tsofaffin motocin nan masu ƙwanji da aka ƙera tun zamanin samartakar kakansa, su kuwa iyaye su rasa abin yi, domin suna son faranta masa, suna kuma tsoron abin da farantawar za ta haifar. Ra'ayina a wannan mas'ala shi ne, bai kamata irin wannan mota ta zama abin hawan sabon direba na yau da kullum ba, amma kuma iyayen da suka kashe sha'awar da tsawa ɗaya sun yi hasarar wata babbar dama ta tarbiyya.

Kafin a yanke wa yaron hukunci ya dace a san abin da ya ɗauke masa hankali. A shekarar 1964 kamfanin Pontiac, bisa jagorancin injiniyoyi irin su John DeLorean, ya ɗauki injin babbar mota mai silinda takwas, mai girman lita 6.4 da ƙarfin doki 325, ya dasa shi a cikin matsakaiciyar mota, aka sa mata suna GTO. A watan Afrilu na wannan shekara kamfanin Ford ya fito da Mustang a babban baje-kolin duniya na birnin New York, kuma kafin a cika shekara biyu an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan kamfanoni suka shiga rige-rige, Dodge ya fito da Charger, Chevrolet ya fito da Camaro, Plymouth ya fito da Road Runner, har aka kai 1970 lokacin da wata Chevelle ta fito da inji mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Majigi ya ƙara musu kwarjini, musamman fim ɗin Bullitt na 1968, inda Steve McQueen ya yi tsere da koren Mustang a kan tuddan San Francisco, motar da aka yi gwanjonta a 2020 a kan fiye da dala miliyan uku da rabi. Zamanin bai daɗe ba, domin dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973, sun taru sun karya shi, sai dai gajartarsa ita ce ta ƙara wa motocin daraja a idon na baya.

Hujjojin saurayin kuwa, in an saurare su da insafi, ba duka ne na wofi ba. Yakan ce, "Baba, motar yanzu kwamfuta ce a kan taya, in ta lalace ba abin da zan iya sai in kai ta wurin masu na'ura, amma wannan da sifana da sukundireba zan gyara abata. Kuɗin da na tara a aikin hutu zan sa, ba na neman ko sisinka. Motar zamani tana faɗuwa a farashi tun ranar da aka saye ta, wannan kuwa kullum daraja take ƙarawa, kuma abin da na sha wahala a kansa ba zan yi wasa da shi ba." Wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin irin wannan mota ya san akwai gaskiya a zancen, domin komai a fili yake, ga kafireta zaune a saman inji, ga filogi takwas da wayoyinsu, ga lagireto da fanka, har akwai sararin da mutum zai zura hannu ya taɓa kowane ƙarfe. Yaron da ya wuni yana murɗa ɗan ƙaramin sukurun kafireta kaɗan-kaɗan, kunnensa na bin amon injin har ya ji ya daidaita ya daina shaƙewa, ya koyi haƙuri da lura da sanin sababi da musabbabi, abubuwan da ba kowane aji ne ke koyar da su ba.

Amma fa duk waɗannan hujjoji a kan dukiya da ilmi suke, alhali tambayar da ke gaban iyaye a kan rai take, kuma malaman usulu sun daɗe da jera mana maslahohi bisa martabarsu, suka sa kiyaye rai gaba da kiyaye dukiya, suka kuma ce tunkuɗe ɓarna ya gabaci janyo amfani. An ƙera waɗannan motoci ne a zamanin da kamfanoni ke sayar da ƙarfi da kyau, ba su sayar da aminci. Sai da wani mai suna Ralph Nader ya wallafa littafi a 1965 yana tuhumar masu ƙera motoci da sakaci, majalisar ƙasa ta kafa dokar amincin motoci a 1966, sa'an nan aka fara tilasta abubuwan da yau muke ɗauka tamkar dole, kamar bel a kowace kujera daga 1968, da matokarar kai a kujerun gaba daga 1969. Motocin farkon zamanin bel ɗin ƙugu kaɗai ke gare su, sandar sitiyarinsu ƙarfe ne miƙaƙƙe mai fuskantar ƙirjin direba, birkinsu layi ɗaya ne wanda in ya tsiyaye tayu huɗu duka sun rasa birki, a Mustang na farko ma saman tankin mai shi ne daɓen but. Ba abin mamaki ba ne da a 1972 mutane fiye da 54,000 suka rasu a hanyoyin Amurka, a lokacin da jama'ar ƙasar da motocinta ba su kusa da yawansu na yau ba.

Saurayin yakan amsa da cewa motar dā ƙarfe ce zalla, ta yanzu kuwa gwangwani ce da roba, kuma wannan magana ta fi kowace yaudarar iyaye, domin ido yana gaskata ta. A 2009 cibiyar da kamfanonin inshora na Amurka suka kafa don binciken haɗurran hanya ta cika shekara 50, sai ta yi wani gwaji a bainar jama'a, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowace tana tafiyar mil 40 a sa'a. Gaban sabuwar ya lanƙwashe ya shanye bugun, ɗakin fasinja ya tsaya yadda yake, tsohuwar kuwa ɗakinta ya rufta, sitiyari da allon gaba suka auka wa mutum-mutumin da ke kujerar direba. Bel Air ba ta cikin motoci masu ƙwanji, ta girme su da 'yan shekaru, amma tunanin da aka ƙera ta a kansa shi ne ya wanzu har zamaninsu. Hikimar motar zamani ita ce ta yarda ta lalace domin na cikinta ya tsira, ta dā kuwa ba a tsara mata inda za ta lanƙwashe ba, sai ƙarfin bugun ya zarce har jikin ɗan Adam.

A ƙaddara yaron yana komawa gida da dare, an yi yayyafi kwalta ta jiƙe, ya zo kwana ya ɗan ƙara taka totur fiye da ƙima. Nauyin injin yana gaba, ƙarfinsa duka yana tafiya tayun baya waɗanda ba su da nauyin da zai danne su, nan take bayan motar ya zame ya nemi wuce gabanta. Ƙwararren direba ya san ya sassauta ƙafa a hankali ya juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, sabon direba kuwa abin da firgita za ta sa shi yi shi ne ya danne birki iya ƙarfinsa, tayu su kulle, sitiyari ya daina aiki, mota ta tafi inda ta ga dama. A motar zamani akwai birkin da ba ya kulle taya, akwai kuma na'urar da ke jin zamewa tun kafin direba ya ji, ta kama taya ɗaya ta maido da motar kan hanya, na'urar da doka ta wajabta a kowace sabuwar mota a Amurka daga 2012, kamar yadda ta wajabta jakar iska a kujerun gaba tun ƙarshen shekarun 1990. Waɗannan abubuwa an yi su ne domin kuskure, kuma babu mai kuskure kamar mai koyo.

A nan ne mas'alar ta koma kan direban kansa. Alƙaluman cibiyar nan ta kamfanonin inshora sun nuna cewa, in aka auna da nisan tafiya, masu shekara 16 zuwa 19 sun ninka waɗanda suka kai 20 kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, ba don sun fi kowa mugun nufi ba, sai don ido bai saba hango haɗari ba, zuciya kuma tana son burge abokai. Saboda haka jihar Florida ta fara bayar da lasisi mataki-mataki a 1996, sauran jihohi suka bi, ana taƙaita wa sabon direba tuƙin dare da ɗaukar tsararrakinsa har sai ya goge. Fuƙaha'unmu sun riga kowa gane wannan, da suka bambanta balaga da rushdi, suka ce ba a miƙa wa maraya dukiyarsa don kawai ya balaga, sai an jarraba shi an ga ya iya tasarrufi, alhali kuwa dukiyar tasa ce halak malak. In haka shari'a ta yi a kan abin da in ya salwanta ana iya maido da shi, ina ga abin da ke iya tafiya da rai? Masu dawaki ma ba su ɗora yaro a kan ingarma ranar da ya fara koyon hawa, da ƙuru akan fara masa. Lasisi shaidar izini ce daga hukuma, shaidar rushdi kuwa iyaye ne kaɗai ke da ikon bayar da ita, domin su suka san ɗansu.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin yaron bai cika ba. Inshorar saurayi tana da tsada ko a kan mota mai sanyi, kamfanonin da ke yi wa tsofaffin motoci inshora mai rahusa kuwa galibi sukan sharɗanta a ce ba ita ce motar yau da kullum ba, kuma direba ya daɗe yana tuƙi. Manyan injunan suna shan mai ba kaɗan ba, mai kyau a cikinsu ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, mai araha kuwa tsatsa ta cinye ƙarƙashinta. Gaskiya ne ana iya sa mata birkin faifai da bel mai ratsa kafaɗa da sababbin tayu, kuma duk wanda ya mallake ta ya wajaba ya yi haka, amma babu bakaniken da zai iya sake wa jikinta tsarin da ba a ƙera ta da shi ba.

Duk da haka ba na goyon bayan uban da zai ce "a'a" ya juya baya, domin yaron da ya zo da hujja da lissafi da kuɗin guminsa, maimakon ya yi abinsa a ɓoye, ya nuna alamar hankalin da ake nema a gare shi, kuma haƙƙinsa ne a mayar masa da hujja. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a raba buƙatun biyu da ya cakuɗa. Buƙatar zirga-zirga a biya ta da matsakaiciyar mota ta zamani, ko da ta hannu ce, mai ƙaramin inji da cikakkun kayan kariya, irin waɗanda masu binciken haɗurra ke ba iyaye shawarar saya wa matasa. Buƙatar zuciya kuwa a biya ta a gareji, a bar shi ya sayi tsohuwar da kuɗinsa ko da ba ta tashi, uba ko kawu ya tsuguna tare da shi ranar hutu, su sauke inji, su kankare tsatsa, su sake birki, aikin da kan ɗauki shekaru. In ta tashi a fara fita da ita da rana, a busasshiyar hanya, babba yana gefe, ba abokai a baya. A kuma yi yarjejeniya bayyananniya, cewa in ya yi shekara biyu ko uku bai yi karo ba, bai jawo tarar gudu ba, mabuɗin ya zama nasa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma saurayin da ya karɓi motar ta wannan hanya zai karɓe ta yana sanin kowane ƙusa da ke jikinta da iyakar abin da birkinta zai iya.

Wannan magana ba ta tsaya ga Amurkawa ba, domin 'yan'uwanmu da ke renon 'ya'ya a can suna fuskantar ta, mu ma a biranenmu muna ganin yaran masu hali suna juya manyan motoci a wurin biki, jama'a na tsaye a gefen titi. Uban da ya miƙa mabuɗi ba ran ɗansa kaɗai ya sa a mizani ba, har da na abokin da zai zauna a gefe, da na mai tafiya a ƙasa wanda ba a shawarce shi ba, kuma dukansu amana ce da za a tambaye shi a kanta. Don haka nasihata ga iyaye ita ce su saurara da kyau, su yaba abin yabo, su ƙi abin ƙi tare da bayyana dalili, su kuma sa wa alkawarinsu lokaci su cika shi. Nasihata ga saurayi kuwa ita ce ya sani motar da ta jira shekara hamsin kafin ya same ta za ta iya ƙara jiran shekara uku, kuma babbar hujjar da za ta rinjayi iyayensa ita ce su ga yadda ya karɓi jinkirin.