'Ya'yansu a Makarantar Dala, Ƙannenmu a Gindin Bishiya

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikatan gwamnati da kuka riga mu fita fagen aiki, akwai wata muhawara da ta zama yayi a ofisoshi da gidajen biki na Abuja da Kaduna da Kano, watau wace makarantar ƙasa da ƙasa ce ta fi dacewa a kai yaro. Wannan ya ce mai tsarin Ingila, wancan ya ce mai tsarin Amurka, na uku ya ce ai ta Turkawa ta fi tarbiyya. Ana lissafa wurin ninkaya da filin ƙwallo da yawan Turawan da ke koyarwa, kamar masu tayin doki a kasuwa. In ka tsoma baki sai a ce ina ruwanka, mutum da ɗansa da kuɗinsa. To, da ruwana, kuma da ruwan kowane ɗan talaka, domin da yawa daga masu wannan muhawara su ne aka danƙa wa amanar makarantun da sauran 'ya'yan ƙasa ke zuwa.

Asalin irin waɗannan makarantu ba abin zargi ba ne. An kafa su ne saboda 'ya'yan jakadu da ma'aikatan kamfanonin waje, waɗanda bana suna Ikko, baɗi suna Alƙahira, shekara mai zuwa kuma wa ya sani. Yaron da ke irin wannan yawo yana bukatar manhaja guda da zai tarar duk inda aka kai ubansa. Don haka aka buɗe makarantar Amurkawa ta Ikko a 1964, don haka kuma aka ƙirƙiro jarrabawar IB a birnin Janiba a 1968. Amma ɗan babban sakataren ma'aikata, wanda aka haifa a Zariya, aka raɗa masa suna a Zariya, kakanninsa kuma suna kwance a maƙabartar Zariya, wane yawon duniya ne ya kama shi? Babu. Abin da ubansa ke saye shi ne katanga, doguwa, wadda za ta raba ɗansa da ɗan direbansa tun daga aji ɗaya har ranar da za a raba muƙamai.

Mu dubi tsadar katangar. A 2024, gab da buɗe reshen makarantar Charterhouse ta Ingila a Ikko, jaridu suka buga cewa kuɗin yaro guda na shekara guda naira miliyan 42 ne. A cikin shekarar nan dai, bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin ƙwadago, gwamnati ta sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Ku ɗauki alƙalami. Albashin shekara na masinja ko mai shara ya kama naira 840,000. Watau sai ya yi shekara 50 cur yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya tara kuɗin aji ɗaya na firamare. Abin dariya kuwa, uwar makarantar can Ingila an kafa ta ne a 1611 a matsayin sadaka domin yara marasa galihu.

Waɗansunsu ma da dala suke lissafi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Albashin wane ma'aikaci ne ya ninka uku a tsakanin nan? Amma ba mu ji an kwashe 'ya'yan manya daga makarantun ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar EFCC ta zargi tsohon gwamnan Kogi, Yahaya Bello, da ɗibar dala 720,000 daga asusun jiha ya biya wa 'ya'yansa kuɗin shekaru masu zuwa a makarantar Amurkawa ta Abuja, makarantar kuma ta mayar wa hukumar fiye da dala 760,000. Tsohon gwamnan ya musanta zargin, kuma kotu ce mai yanke hukunci, ba ni ba. Ni dai tambayar da ta dame ni ta fi ƙarfin mutum ɗaya: cikin darektoci da kwamishinoni da 'yan majalisa da ke sauke yara a ƙofar waɗannan makarantu kowace safiya, nawa ne takardar albashinsu za ta iya bayyana inda kuɗin ya fito? Ruwa ba ya tsami banza.

Za su ce, kuma suna faɗa, wai makarantun gwamnati sun lalace, uba nagari ba ya jefa ɗansa a rami yana gani. Gaskiya ne sun lalace, mu ne shaida, a cikinsu muka fito. Ni kaina a ajinmu na firamare mun haura ɗari, kuma har na gama aji uku a kan buhu nake zama. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. 'Yan matan Chibok a 2014, yaran Ƙanƙara a 2020, 'yan matan Jangebe a 2021, yaran Kuriga a 2024, duk daga makarantun gwamnati aka kwashe su zuwa daji. Ba mu musa ko ɗaya ba. Amma wa ya haƙa ramin? Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗi ɗaya tak: jiha ta kawo nata kason daidai da wanda za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a hukumar UBEC saboda jihohi da dama sun ƙi kawo nasu. Mutumin da ya ƙi sa hannu a wannan takarda da safe, shi ne da yamma yake kukan makarantu sun lalace.

Ku yi tunanin mai tuwo-tuwo a bakin tasha wadda ba ta yarda 'ya'yanta su ɗanɗana abin da ta dafa, sai ta aika a sayo musu daga wani gida. Wa zai sake zama a bencinta? Mu kuwa an tilasta mana zama, domin babu wani bencin. Nan ne cutar take. Muddin ɗan kwamishina yana zaune a aji ɗaya da ɗan manomi, to ranar da rufi ya yi yoyo kwamishina zai ji a gidansa kafin magariba, ranar da malami ya yi wata uku ba albashi matar kwamishina ce za ta hana shi barci. Da ya cire ɗansa, shi ke nan, makarantar ta rasa mai yi mata kuka a inda ake jin kuka. Ta koma lamba a takardar kasafi, kuma lamba ba ta jin sanyi.

Ba na cewa da can adalci ake yi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna aka fara nema, domin Turawan mulkin mallaka masu taya su mulki suke so. Duk da haka Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, ta gwamnati ce, kuma a cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne, ya yi karatu tare da jikan Sarkin Musulmi, Ahmadu Bello. Daga baya ta yaye Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Mishan daga Wusasa. Manyanmu na yau kusan duk irin wannan hanya suka biyo: karatu kyauta, abinci kyauta, littattafai kyauta, da harajin talaka. Sun sha ruwan rijiyar sun ƙoshi, sa'an nan suka cike ta da ƙasa, suka koma sayen ruwan kwalba.

An taɓa ƙoƙarin ɗaure su da doka. A 2022 ɗan majalisar wakilai Sergius Ogun ya kawo ƙudurin taƙaita wa masu riƙe da muƙaman gwamnati kai 'ya'yansu karatu ƙasashen waje, 'yan'uwansa suka yi fatali da shi, wai ya taka haƙƙin ɗan Adam. Ko da ma ya wuce, da bai kama kowa ba, tun da yanzu ƙasar wajen ce ta yi tattaki ta zo har gida, da tutarta da manhajarta. Gwamnan Kaduna na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya sa ɗansa a makarantar gwamnati a 2019, aka yi ta ɗaukar hoto, a 2021 ya cire shi saboda barazanar masu satar mutane. Ban ga laifin uban da ya ji tsoro ba. Sai dai sauran iyayen ajin ba su da inda za su kai nasu.

Sa'an nan mu dubi yaron da aka kai ɗin, domin shi ma an cuce shi ta wata fuska. Ya san matan Sarki Henri na Takwas su shida da sunayensu, bai san abin da ya faru a Tabkin Kwatto a 1804 ba. Ya zo gaida kakarsa da salla, sai an nemo tafinta. Iyayensa kuwa har alfahari suke yi, wai Hausarsa ba ta fita. Alhali tun tsakanin 1970 da 1978 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife, ya koyar da yara shekara shida na firamare da Yarabanci, suka fi takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi, har a darasin Ingilishin kansa ba su gaza ba. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ba ta buga littattafan kirki ba, ba ta horar da malamai ba, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilmi ya soke tsarin, wai shi ya jawo faɗuwa jarrabawa. Mutanen da 'ya'yansu ba sa jin harshen uwa su ne ke yanke hukunci a kan harshen uwa. Kuma wannan yaro da ba ya iya ciniki a kasuwar Kurmi, shi ake yi wa tanadin kujerar mulkin masu Kurmin.

Yanzu gare ku, 'yan'uwana ƙananan ma'aikata, domin ku ne kuka fi ba ni tausayi. Kun ga manya sun yi, ku ma ido ya rufe. Ga shi kowane lungu an buɗe tarko dominku: gida mai ɗaki huɗu da falo, an shafa fenti, an rataya allo an rubuta Intanashinal, an ɗaura wa yara laktaye a zafin watan Afrilu, malamar kuwa albashinta bai kai na mai gadin banki ba, kuma a ƙarshe jarrabawar WAEC da NECO ɗin nan dai yaran za su zauna. Kuna cin bashin ƙungiyar adashi ta ofis kowane zango. In bashin ya ƙi biyuwa, sai fayil ɗin wani ɗan fansho ya ɓace a teburinku har sai ya kawo na goro. Ta nan rashawa ke shiga gidan mutumin kirki, da sunan son 'ya'ya. Kafin ku biya sisi ku nemi takardar rajistar makarantar daga ma'aikatar ilmi ta jiha, ku tambayi malamai nawa ne ke da shaidar koyarwa, ku tambayi wace hukumar waje ce ta san da zamanta. Sau da yawa shugaban makarantar zai fara yi muku zancen kwamfuta.

A watan Afrilu na 1978 ɗaliban ƙasar nan sun fito kan titi saboda ƙarin sule biyar a kuɗin abinci na yini, waɗansu suka rasa rayukansu a Ikko da Zariya. A 2022 mu kuma aka rufe mana jami'o'i wata takwas, muna zaune a gida muna kallon hotunan bikin kammala karatun 'ya'yan gwamnoni a Landan. Ina kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai, a zamanta na gaba, ta rubuta wa kwamishinan ilmi da shugaban hukumar ilmin firamare da kowane ɗan majalisar jiha takarda mai tambaya biyu: a wace makaranta 'ya'yanka suke, kuma nawa jiharmu ta bari a asusun UBEC ba ta karɓa ba? A ba su kwana 30. Amsar da ta zo a buga ta a wannan mujalla yadda take, wanda ya yi shiru kuma a buga sunansa da muƙaminsa, a bar fili a gabansa.