Wayoyi biyu a hannun Dakta

A shekarar 1975 BBC ta nuna "Genesis of the Daleks", labari mai kashi shida a cikin shirin Doctor Who, wanda Terry Nation ya rubuta. An mayar da Dakta, wato Tom Baker, can baya zuwa duniyar Skaro domin ya hana samuwar Dalek, halittun da Davros ya ƙera bayan ya zare musu tausayi. Dakta ya dasa nakiya a ɗakin renonsu, wayoyi biyu na hannunsa, haɗa su kawai ya rage. Sai ya dakata, Sarah Jane kuwa tana ta matsa masa.

A ganina dakatawar nan daidai ce. Davros ma da sunan ceton jinsinsa ya halatta kisa. Duk wanda ya shafe jinsi guda kan laifin da ba a riga an aikata ba, sawunsa ya bi.

Inda labarin ya yi rauni shi ne bai bar Dakta ya ɗauki nauyin hukuncin ba. Gharman ya shigo da albishir na sulhu, ya katse maganar. Da Dakta ya koma da niyyar tayar da nakiyar, wani Dalek ne ya bi ta kan wayoyin, ta tashi.