Magana Mai Yawo a Ƙofar Masaƙa

Akwai wata kalmar Turanci, vaguely, wadda masu fassara suka saba mayar da ita "da harshen damo". Wannan kuskure ne, ba kuwa ƙarami ba. Ingilishi ya aro tushenta daga Faransanci, Faransanci kuma ya gaje shi daga vagus na Latin, watau mai yawo, wanda ba ya tsayawa wuri guda. Harshen damo kuwa ya fi dacewa da ambiguously, wadda asalinta a Latin kora abu ne ta fuska biyu. Idan aka ce "ya ga ɗan sarki mai doki", ma'ana biyu ce rak: ko ɗan ne mai dokin, ko sarkin. Tambaya ɗaya ta isa ta warware ta. Amma magana mai yawo ba ta da inda za a kama ta, balle a tambaye ta.

Wanda ke ganin wannan gardamar 'yan aji ce kurum, sai ya tuna da Bompai, tsohuwar unguwar masana'antun Kano tun zamanin Turawa, da Sharada, da Challawa ta majemu. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da tsadar kayan aiki, da rashin wuta, da kwararowar atamfa daga waje, masaƙu da yawa sun yi shiru. Irin takardar da akan liƙa a ƙofa a irin wannan hali sananniya ce: an dakatar da aiki "har sai an ji sanarwa", za a biya haƙƙin sallama "a lokacin da ya dace". Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, nan ne ma gwanintar take. Ba ranar, ba adadin, ba sunan wanda zai biya. Lebura mai iyali ba zai iya kai ƙarar "lokacin da ya dace" ba, domin kullum ana iya ce masa bai yi ba tukuna. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma rubutu da bayani ba abu guda ba ne.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga lulluɓe zance. Yana da habaici, da zaurance, da hannunka mai sanda. Sai dai duk waɗannan akwai wanda aka nufa ya gane. Abin da ake yi don kada kowa ya gane kuwa, tuni ya raɗa masa suna: yawo da hankali. Ashe shi da mutanen Rum sun haɗu a kan hoto guda ba tare da sun san juna ba.

Saboda haka ya kamata Sashe ya raba kalmomin biyu a darasin fassara. Ɗalibin da zai karanta wa ma'aikaci takarda a Sharada, in ya tarar da jumla mai yawo, kada ya gyara ta don ta yi daɗin ji. Ya gaya masa a fili cewa ba a sa rana ba.