Lafiyar Iyali: Hasken Leza da Idon Tsofaffi

A wannan wata za mu duba wani ciwon ido da yakan kama mutane bayan sun wuce shekara 50. Can bayan ƙwayar ido akwai wata 'yar fata mai laushi inda hoton abin da muke kallo yake sauka. A tsakiyarta akwai ɗan wuri, faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, likitoci suna ce da shi makula. Da shi muke karatu, da shi uwargida take sa zare a allura, da shi kuma kaka take gane fuskar jikanta. In ya lalace mutum ba ya makancewa ɗungum, gama yana ganin gefe-gefe, amma abin da ya zuba wa ido shi ne ba zai gani ba.

Ciwon yakan fara a ɓoye. Mai shi yana gani sarai, sai likita ya leƙa ya tarar da ɗige-ɗige rawaya a ƙarƙashin makula, watau dattin da ido ya kasa kwashewa. Tun wajen 1973 aka lura cewa in an taɓa bayan ido da hasken leza, ɗigon nan sukan ɓace. Aka yi zaton an sami rigakafi ke nan. Wa zai ƙi, tun da ga datti an share?

Ashe ba haka ba ne. A Amurka aka gwada mutum 1,052, kowannensu aka yi wa ido ɗaya leza, aka bar ɗayan. Da sakamako ya fito a 2006, bayan shekara 5 ana bin su, ido ɗaya cikin biyar ya rasa gani sosai, ko an yi masa leza ko ba a yi ba. Ɗigon sun ragu, amma ciwon bai fasa tafiyarsa ba.

Daga baya Farfesa Robyn Guymer ta birnin Melbourne a Ostareliya ta gwada wata sabuwar leza mai sauƙi, wadda ba ta ƙona fatar. Mutum 292 ne, ana yi wa rabinsu kowane wata 6, har shekara 3. A 2018 aka faɗi sakamako: in an haɗa su duka, ba wani bambanci. Akwai alamar ta taimaki waɗansu, amma masu wani irin ɗigo dabam sai ciwonsu ya ƙara sauri. A ganinmu, duk wanda aka ce ya sayar da gona ko saniya domin wannan rigakafi, bari ya riƙe kuɗinsa tukuna. (Kada a ruɗe. Lezar da ake yi wa masu ciwon sukari da masu hawan jinin ido wata aba ce dabam, tana kuwa da amfani.)

To, me ya rage mana? Na fari, barin taba, domin tana ruɓanya haɗarin ciwon. A riƙa cin ganye kamar alayyafo da zogale, da kifi. Akwai kuma haɗin bitamin da zinki wanda a 2001 aka nuna yana rage haɗari da wajen kashi 25 cikin 100, amma ga waɗanda ciwonsu ya kai matsakaici kaɗai. Likita ne zai faɗa.

A ƙasashenmu yanar ido da hawan jinin ido sun fi wannan ciwo makantar da mutane nesa ba kusa ba, saboda haka in baba ya ce ganinsa ya dushe, a kai shi asibitin ido a san ko wanne ne. Kowane mako kuma a sa shi ya rufe ido ɗaya ya dubi bakin ƙofa, sa'an nan ya sāke da ɗayan. In miƙaƙƙen layi ya zama a karkace, ko wani duhu ya tsaya a tsakiya, wataƙila jijiyoyi ne suka fara yoyo a ciki. Tun 2006 akwai allurar da ake yi cikin ido domin wannan, amma tilas a je cikin 'yan kwanaki, kada a jira sai bayan girbi.