Labarin Mawaƙan Duniya: Ɗan Ƙodagon da Ya Dawo Biyan Bashi

'Yan uwa manoma da makiyaya, labarin wannan wata daga ƙasar Amurka ya fito.

An haifi Riley King a shekarar 1925 a jihar Misisipi, ƙasar noman kaɗa. Iyayensa baƙar fata ne, ba su da gonar kansu. Gonar wani suke nomawa, in an yi awo a raba da mai gona, a cire bashin abinci. Sau da yawa bashin ya fi rabon.

Uwarsa ta rasu yana yaro. Ya tsinci kaɗa, ya yi huɗa da alfadari, har ya zama direban tarakta. Ran Asabar yakan zauna bakin titi da gitarsa. In ya yi waƙar addini, sai a sa masa albarka a wuce. In ya yi bulus, wato waƙar kukan zuci ta talakawan can, sai a jefa masa kuɗi. Ya lura da wannan.

A 1946, wata rana yana sauri ya diro daga tarakta, injin bai gama mutuwa ba. Ta zabura ta shiga rumfa, bututun hayaƙinta ya karye. Tsoron mai gona ya kama shi, ya gudu birnin Memfis wurin ɗan uwansa Bukka White, gwanin gita. Ya yi wajen wata 10 yana koyo.

Daga nan sai ya koma gida, ya sake hawa tarakta har ya biya ɓarnar. Ba kowane mai gudu ke yin haka ba.

Ya koma Memfis a 1948. Gidan radiyon WDIA ya ba shi ɗan lokaci yana waƙa, a nan aka sa masa suna B.B. King.

Da sanyin 1949 yana wasa a garin Twist, maza biyu suka yi faɗa, suka ture tanon kananzir da ake jin ɗumi da shi. Gobara ta tashi. Ya fito, ya tuna da gitarsa, ya sake faɗawa cikin wuta ya ɗauko ta. Wauta ce, shi ma ya yarda. Da ya ji bisa wata mace mai suna Lusil aka yi faɗan, sai ya raɗa wa gitar sunanta, don kada ya ƙara.

A 1952 faifansa "3 O'Clock Blues" ya zo na ɗaya cikin waƙoƙin baƙar fatar Amurka. Ya ci gaba da wasa har kusa da rasuwarsa a 2015.