Kafin Ka Haƙa Ɗan Tafki a Tsakar Gidanka

A wannan makon zan taɓo wata kwalliya da ta fara shiga sababbin gidaje a Kano da Kaduna, ba ma a zancen Abuja ba: ɗan tafki a kusurwar gida, an jera duwatsu a gefensa, ruwa na gangarowa daga sama yana zuba a ciki. Da farko a otal-otal da wuraren shaƙatawa ake ganinsa, yanzu kuwa mai fuloti ɗaya ma idan ya gama shimfiɗa intalok sai ya ce wa magini a bar masa wani lungu.

Ni dai ba na cikin masu cewa almubazzaranci ne. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban Gurara ta jihar Neja ko Matsirga ta Kafanchan ya san abin da ƙarar zubar ruwa ke yi wa zuciya, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ɗan kaɗan daga wannan a gidansa, musamman a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake ginawa. Yawancinmu hoto muke gani a waya mu miƙa wa magini, alhali an ɗauki hoton a ƙasar da ba a ɗauke wuta, kuma sauronsu ba ya kashe yara.

Bari mu fara da zargin da aka fi yi, wato ɓarnar ruwa. Ɗan tafki mai tsawon mita 2, faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin santimita 60, zai ci lita 1,800, jarka 72 ke nan mai cin lita 25. Da yawa ne, amma sau ɗaya ake cika shi. Ruwan da ke gangarowa ba sabo ba ne, inji ne ke ɗaga shi daga ƙasa ya kai sama ya sake dawowa. Abin da ake asara shi ne wanda rana da iska suka shanye da wanda ya fantsama waje. Idan a bazara ruwan na sauka da santimita ɗaya kullum, a wannan faɗin lita 30 ce, jarka ɗaya da ɗoriya. Mai wanke mota kowace safiya ya fi haka zubarwa. Don haka mai rijiyar burtsatse ba shi da abin jin kunya a nan. Wanda kuwa 'yan ga-ruwa ke kawo wa ruwan sha a kura, wannan shi da aljihunsa ne, ba sai na ce komai ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Mutane na ɗaukar magangarar a matsayin ado, a kunna idan baƙi sun zo, a kashe idan sun tafi. Alhali ita ce numfashin tafkin. Ita ke motsa ruwan, ita ke shigar masa da iska, kuma ita ke hana sauro zama. Akwai wani abu da da yawanmu ba mu lura da shi ba: sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda ake kira Anofilis, ba ruwan kwata ya fi so ba. Na kwata wani jinsi ne daban, mai damu da kuka a kunne. Shi wannan ya fi son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke haskawa, kuma a kwance yake ba ya motsi, domin tsutsarsa a saman ruwa take kwanciya tana shaƙar iska. To wane ruwa ne ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar tafkin ado da aka kashe wa inji? Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 10 zuwa 14 ne, da zafi ma yana iya kammalawa a mako guda. Tiransifoma ta lalace a unguwa ta yi sati biyu, abin da kowa ya san yana faruwa, shi ke nan ka yaye zuriya guda.

Kuma sauro bai san katanga ba. Kai kana da raga a tagogi da na'urar sanyaya ɗaki, maƙwabcinka da 'ya'yansa a tsakar gida suke kwana saboda zafi. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna Najeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su suka fi mutuwa. A irin wannan ƙasa, ajiye ruwa a buɗe ba harkar mai gida shi kaɗai ba ce, akwai haƙƙin maƙwabtaka a ciki. Shi ya sa nake ganin tambayar farko ba ta launin dutse ba ce. Tambayar ita ce: me zai juya injin nan ranar da babu wuta?

Amsar ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Injin da ake nutsarwa a irin wannan tafki ƙarami ne, mai cin wat 40 idan ya kwana ya yini yana aiki kusan yunit ɗaya ya sha. Farantin sola guda da batir sun ɗauke shi. Na ce da batir, domin sola zalla da magariba take tsayawa, kuma idan akwai kifi da dare ya fi buƙatar iska. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, tsirran ciki ma da dare shaƙa suke yi maimakon su bayar, shi ya sa masu kiwon kifi suka san da asuba kifi ke tasowa sama yana haki. Wajen zaɓen inji kuma, a nemi wanda zai iya juya ruwan tafkin gaba ɗaya a cikin awa ɗaya zuwa biyu, sannan a duba kwalinsa, domin lambar da aka rubuta da manyan baƙi ta ƙasa ce, duk yadda aka ƙara tsayin magangara ƙarfin turawar raguwa yake. Wayar wuta kuwa kada a yarda da haɗin gambiza da salatif kusa da ruwa, a samo mai gyaran wuta ya sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara zurarewa.

Masu sha'awar tarihi kan kawo misalin fadar Alhambra da ke Giranada a Sifaniya, wadda sarakunan Banu Nasr suka fara ginawa a 1238, har yau ruwa na gudu a farfajiyoyinta. Abin da ya kamata a ɗauka daga can shi ne tsarin aikin: tun da wuri suka janyo ruwa daga kogin Darro ta magudana mai nisan kilomita kusan 6, gangara ce ke tafiyar da shi, babu inji. Sun tabbatar da abin da zai motsa ruwan kafin su ƙawata wurin zubarsa. Mu kuma daga tayil muke farawa.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi a wurina, wato yara. Gidajenmu ba irin na hoton ba ne mai mutum biyu da kyanwa. Akwai mai rarrafe, akwai 'ya'yan maƙwabta masu shigowa ba sallama, akwai ranar suna da gida zai cika kowa na zaton wani na kallon yaron. Yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi nutsewa a ruwa a duniya, kuma ba sai ruwa mai zurfi ba, yaro na iya halaka a bokiti ko baho, shiru, ba ihu ba fantsama. A nan akwai cin karo da ba a iya kauce masa: don kifi ya rayu a zafinmu ana son zurfi ya kai santimita 60, don yaro ya tsira kuma wannan zurfin ya yi yawa nesa ba kusa ba. Wasu za su ce ai da kududdufai muka taso a cikin birni. Haka ne, amma a tambayi tsofaffin unguwa yara nawa kududdufan nan suka ci da damina.

Ra'ayina shi ne, duk gidan da ke da ƙananan yara ya haƙura da tafkin, ya gina magangarar kaɗai. Ana binne duro ko ƙaramin tanki a ƙasa, a sa injin a ciki, a rufe bakin da ragar rodi mai ƙarfi da wata raga mai ƙananan ido, a zuba tsakuwa da duwatsu a kai. Ruwa zai gangaro, ya ɓace a cikin tsakuwa, ya koma duro, ya sake hawa. Ƙarar da kake so ka same ta, sanyin ido ka same shi, babu ramin da yaro zai faɗa, kuma ko an ɗauke wuta ruwan na ƙasa a rufe. Ruwan da zai ci bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Abin da kawai ka rasa shi ne kifi da bado. Wanda ya nace sai buɗaɗɗen tafki, to ya kewaye shi da shinge mai ƙofa da sakata, ko ya shimfiɗa ragar ƙarfe dab da saman ruwan wadda za ta ɗauki nauyin yaro.

Ga wanda sharuɗɗan suka cika masa, sauran aikin ba wuya. Kada a haƙa a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ganye zai ruɓe a ciki, saiwa kuma ta fasa ginin. Kada kuma a sa shi inda rana ke duka tun safe har yamma, gansakuka za ta mayar da shi kore cikin 'yan kwanaki. Inda inuwar katanga ke faɗawa da rana tsaka ya fi. A ɗaga bakinsa sama da daɓen gida don kada ruwan sama ya kwaso omo da dattin tsakar gida ya zuba. Idan da siminti aka yi, kada a yi gaggawar sa kifi, sabon siminti na fitar da sinadarin da ke kashe su, sai an jiƙa shi an zubar sau da dama cikin makonni. Idan da leda mai kauri ce ko tampol irin ta masu kiwon kifi, a auna tsawon ramin a ƙara zurfinsa sau biyu da ɗan rara na baki, haka ma faɗin, a shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasa. Yawancin yoyo kuma daga bayan duwatsun magangara yake fitowa, don haka ledar ta hau har can sama ta bayansu. Ruwan famfo na gwamnati a bar shi ya kwana biyu kafin kifi ya shiga.

Kifin ma a zaɓa. Tarwaɗa na da juriya domin tana iya shaƙar iska daga sama, amma tana dama ruwa, kuma tana cinye ƙananan. Karfasa na hayayyafa har ta cika wurin. Ƙananan kifayen ado sun fi dacewa, su ne ma ke bin tsutsar sauro suna tsincewa. Kainuwa kyakkyawa ce, sai dai idan aka ƙyale ta rufe fuskar ruwan za ta yi, ta zama maɓoyar tsutsar da kifi ba zai kai gare ta ba, don haka a riƙa rage ta. A kuma sa rai da kwaɗi da damina, kuma inda kwaɗi suka taru maciji kan biyo. Da hunturu ƙura za ta riƙa toshe matatar injin, wankinta aikin kowane mako ne.

Duk wannan aikin wani ne zai yi shi, kuma a gidajenmu mun san wanda ake bar wa: matar gida ko yaron gida, waɗanda ba a shawarce su ba ranar da ake haƙa. A yi shawara da su tun kafin a kira magini. Idan kuma za a rufe gida a tafi ƙauye hutun Sallah ko na makaranta, babu mai duba injin, a kwashe kifin a ba wani amana, a zuƙe ruwan tas a ba shuke-shuke, in an dawo a sake cikawa.